Waiwaye: yadda manyan kamfanoni suka daɗe suna kai-komo kan laftof mai arha

Duk lokacin da aka fara raɗe-raɗin wani kamfani mai kaya masu tsada irin su Apple zai fito da laftof mai arha saboda ƙasashe masu tasowa sai ka ga mutane na ta murna kamar yau aka fara, alhali maganar nan ta kai shekara 20 ana tafka ta. Ni dai a ganina tsoro ne ya riƙe su tun farko. Kamfanin da yake cin riba mai kauri a kan na'urar dala 1,000 ya san in ya yi ta dala 400 kuma ta yi kyau sosai, toh har masu sayen ta dubun za su sauko ƙasa, ya zama da hannunsa ya karya kasuwarsa.

Asalin abin ma ba daga 'yan kasuwa ya taso ba. A Janairun 2005 ne Nicholas Negroponte na jami'ar MIT ta Amurka ya je taron tattalin arzikin duniya na Davos ya ce zai samar wa yaran makaranta a ƙasashe matalauta laftof ta dala 100, shirin One Laptop per Child kenan, kuma a Nuwamban shekarar aka nuna samfurinta a Tunis tare da Kofi Annan. Lokacin da kamfanin Quanta na Taiwan ya fara ƙera ta a ƙarshen 2007 kuɗinta ya kusa ninka abin da aka yi alƙawari. Uruguay da Peru su ne suka fi saya. Ba ta kai inda aka so ba, amma fa ta tayar wa manya da hankali, don Intel, mai ƙera firosesa wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, da ta ga ta kishiyarta AMD ce a ciki sai ta fito da tata Classmate PC, ta shiga shirin a 2007, aka yi ta sa-in-sa, ta fice a Janairun 2008.

Sai Asus ta shigo da Eee PC a 2007, 'yar ƙarama mai allo inci 7, da manhajar Linux a kanta maimakon Windows, ƙasa da dala 400. Nan aka haifi abin da ake kira netbook, kuma mutanen Turai da Amurka suka yi ta rububinta a matsayin kwamfuta ta biyu. Toh a nan ne abin da yake ba ni haushi ya fito fili. Microsoft ta yarda ta ba wa masu ƙera netbook Windows XP da sauƙi, amma da sharaɗin kada RAM, ma'ajiyar da kwamfuta ke riƙe aikin da take kai, ya wuce giga 1, wato da gangan aka ɗaure wa na'urar ƙafa don kar ta yi gogayya da masu tsada. Kuma ba shi ne karon farko ba, tun 2004 ta fitar da XP Starter a Tailan da Malesiya da Indonesiya, wanda manhaja 3 kacal yake bari ka buɗe a lokaci ɗaya. Wallahi mai ƙaramin ƙarfi yana gane lokacin da aka raina shi, mutum ya tara kuɗi wata da watanni ya saya sannan ya tarar an rage mata ƙarfi ne kawai don shi ne mai saye.

Masu kayan alfarma kam kowa da tasa hanyar. A Oktoban 2008 Steve Jobs, shugaban Apple a lokacin, ya ce ba su san yadda za su yi kwamfutar dala 500 da ba tarkace ba, sai ga shi a 2010 sun fito da iPad a dala 499. Sony ta yi 'yar ƙaramar Vaio P a 2009 amma ta sa mata kusan dala 900, a 2014 ma ta sayar da sashen Vaio ɗin gaba ɗaya. Zuwa ƙarshen 2012 Asus da Acer sun daina netbook, shikenan.

Abin da ya biyo baya shi ne wayar Android mai arha ta zama kwamfutar farko ga miliyoyin mutane, wanda kuma dole sai laftof ya koma kan na hannu, irin su ThinkPad na Lenovo da Latitude na Dell da EliteBook na HP da ofisoshin ƙasashe masu arziki suke sauyawa bayan 'yan shekaru.

A kan waya Apple ta fara koyon darasi. iPhone 5c ta 2013 mai bayan roba dala 100 kawai ta bambanta da 5s, mutane da yawa suka ga gara su ƙara su ɗauki babbar. A 2016 sai ta sauya salo da iPhone SE a dala 399, tsohon jiki amma da firosesa mai ƙarfi a ciki. A shekarar ne ta nemi Indiya ta bar ta ta shigo da tsofaffin wayoyin da aka sabunta, gwamnati ta ƙi, sai a 2017 aka fara harhaɗa SE a Bengaluru. Dabarar ta sauko kan laftof daga baya, MacBook Air mai firosesar M1 da ya fito a 2020 a dala 999 shi ne kantunan Walmart na Amurka suka riƙa sayarwa dala 699 a 2024. Gaskiya wannan hanyar ta fi mutunta mai saye, kaya ne na jiya amma ba a gurgunta shi ba.

Sai dai a Amurka aka yi wannan ragin. Kafin na'ura ta isa hannun ɗalibi a São Paulo ta Burazil ko Jakarta ta Indonesiya harajin shigo da kaya da faɗuwar darajar kuɗi sun riga sun cinye sauƙin, shi ya sa kamfanoni irin su Dell suke harhaɗa nasu a cikin Burazil. Indiya ma a Agustan 2023 ta sanar cewa sai da lasisi za a shigo da laftof, kodayake ta sassauta bayan kamfanoni sun yi ca. Sannan ga maganar gyara, sababbin siraran nan da yawa RAM ɗinsu a manne yake da allon ciki ba ya ƙaruwa, shi kuwa tsohon ThinkPad duk mai gyara zai kwance shi da sukundireba ya ƙara masa RAM ya sauya batir, ɗalibin ya ci gaba da aikinsa.