Kuɗin ƙaramar hukuma da kwatar lungunmu: ina hurumin talaka a doka?

A watan Agusta, in ruwa ya kwana yana zuba, da safe ake gane halin da lungunanmu suke ciki. A wani lungu da nake bi a Dala na tarar da wata dattijuwa ta jera buhunan yashi a ƙofar zaure, tana kwarfe ruwa da fanteka, gindin katangar ƙasa ya jiƙe sharaf har ya fara zaizayewa. Kwatar da za ta ɗauke ruwan ta toshe da leda. Na ce, "Sannu da aiki, Hajiya." Ta ce, "Yawwa ɗan nan. Kowace damina haka muke, wa za mu kai wa kuka?"

Tambayarta tana da amsa a rubuce. Jadawali na huɗu na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya jero ayyukan ƙaramar hukuma: gina da gyara tituna da magudanan ruwa da fitilun kan hanya, kwashe shara, banɗakunan jama'a, maƙabartu, kasuwanni, tashoshin mota, har da raɗa wa tituna suna da sa wa gidaje lamba. Akwai kuma hannunta a makarantun firamare da kula da lafiya. Ke nan kwatar Hajiya aikin ƙaramar hukuma ce, ba alfarma ba.

Amma fa a lura da wani abu da yake yawan sa mutane buga ƙofar da ba ita ba. Gina rukunin gidaje ba ya cikin wannan jeri. Fili a cikin birni kuwa, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa shi ne a hannun gwamna, ƙaramar hukuma tana da iko ne a kan filayen da ba na birni ba. Shi ya sa rukunan gidajen Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo a Kano gwamnatin jiha ce ta gina su, izinin gini kuma a wajen hukumar tsara birane ta jiha, wato KNUPDA, ake nema. Abin da ƙaramar hukuma za ta yi wa gidanka shi ne ta gyara abin da yake kewaye da shi, kuma a unguwannin gidajen ƙasa wannan ba ƙaramin abu ba ne. Kwata mai gudu ita take hana katanga faɗuwa a kan yara.

To kuɗin fa? Duk wata ana raba kuɗin asusun tarayya, ƙananan hukumomi 774 suna da kashi 20.6 cikin ɗari. Kano tana da 44 daga ciki, takwas a ƙwaryar birni da kewaye: Birni, Dala, Gwale, Fagge, Nasarawa, Tarauni, Kumbotso da Ungogo. Shekara da shekaru kuɗin yana bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha, wanda sashe na 162 na kundin tsarin mulki ya ambata. Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kai tsaye, kuma zaɓaɓɓun shugabanni ne kawai suka cancanci riƙe kuɗin, ban da kantomomin riƙo. Aiwatar da hukuncin ya yi ta jan ƙafa, wannan gaskiya ne, amma ya ba mu madogara: wanda muka zaɓa shi za mu tambaya.

Sashe na 14 na kundin ya ce mulki na jama'a ne, kuma dole a tabbatar suna da hannu a gwamnatinsu. Sai dai yana cikin babi na biyu, wanda ba a iya kai ƙara kotu a kansa kai tsaye. Don haka kada mu zauna jiran a kira mu. Ƙofa mafi kusa ita ce kansila. Jihar Kano tana da mazaɓu 484, kowace da kansilanta, kuma majalisar kansiloli ce take duba kasafin kuɗin da shugaban ƙaramar hukuma ya gabatar.

Nan ne nake ganin muna yin sake. Shekarar kasafi tana farawa ne a Janairu, ana shirya shi a watannin ƙarshen shekara. Mu kuwa sai ruwa ya ci gida muke tashi, lokacin an daɗe da rufe lissafi. Da zarar damina ta ɗauke, tabon ruwa yana nan a jikin katanga, lokacin ne ya dace ƙungiyar unguwa ta zauna da mai unguwa da liman da matasan da suke yashe kwata a aikin gayya. A nemi ra'ayin mata a cikin gida, don su suka san ta inda ruwa yake shigowa tsakar gida. A tsayar da buƙata ɗaya ko biyu, kada a jero ashirin. A rubuta: kwata daga ƙofar masallaci zuwa bakin titi, tsawonta kaza, gidaje kaza take shafa. A haɗa da hotuna da sa hannun magidanta, a kai wa kansila, a kai kwafi sakatariya, a sa a buga hatimin karɓa da kwanan wata a kan wanda za a dawo da shi. Magana a wajen ɗaurin aure iska ce take kwashe ta.

In aka yi shiru, akwai Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011. Kowa yana iya rubuta wa hukuma ya nemi kwafin kasafi, ko sunan ɗan kwangila da kuɗin da aka biya shi, ba sai ya faɗi dalilinsa ba. Hukuma tana da kwana bakwai ta amsa, kuma a Afrilun 2025 Kotun Ƙoli ta tabbatar dokar ta hau kan dukkan matakan gwamnati, ba tarayya kaɗai ba. Wanda aka hana yana da kwana talatin ya garzaya kotu, jami'in da aka samu da laifin ɓoye bayani ba bisa ƙa'ida ba kuwa tararsa naira dubu ɗari biyar ce.