Yadda ake karanta lambobin da ke jikin injin kwale-kwale

Injinan da ke aiki a Yauri, Kainji da bakin tafkin Chadi da yawansu na hannu ne, babu takarda, babu tarihi. Mai sayarwa zai rantse maka cewa injin bai daɗe ba, amma abin dogaro shi ne rubutun da kamfani ya buga a jikinsa.

A ina ake fara dubawa?

A maƙalar da ke cizon bayan jirgi. Nan Yamaha ke manna ɗan allonta. Za ka ga abu kamar 63V, sai harafi ɗaya, sai doguwar lamba. 63V sunan samfurin ne a wurin kamfani, wato mai doki 15 ko 9.9, kamar yadda 66T ke nufin Enduro mai doki 40. Harafin tsakiya tsawon ƙafar injin ne: S inci 15, L inci 20, X inci 25. Doguwar lambar kuwa ta wannan injin ce shi kaɗai. Idan ka tarar an kankare allon ko an shafe shi da fenti, ka yi hattara, domin ba a cika yin haka don alheri ba.

To shekarar ƙira fa?

Kowane kamfani da salonsa. A Johnson da Evinrude, tun daga 1980, an ɓoye shekarar cikin kalmar INTRODUCES: I ɗaya ce, N biyu, T uku, haka har E tara, S kuma sifiri. Bar harafin ƙarshe na lambar samfurin, ka karanta biyun da ke gabansa. CE na nufin 89, wato 1989. SS kuma 2000. An daina ƙera Evinrude a 2020, don haka kada wani ya ce maka nasa na bana ne.

Yamaha da aka sayar a Amurka harafin ƙarshe na cikakken sunan samfurin, ba na irin 63V ba, ne ke faɗin shekara: X 1999, Y 2000, Z 2001, C 2004. Harafin D ya zo sau biyu, 1990 da 2005, sai dai fasalin injin ya raba gardama. Bayan 2005 suka koma rubuta wata da shekara a fili. Mercury kuwa da doguwar lambar ake nemo shekararsa a jadawalin dila.

Mene ne ɗan da'irar nan mai kibiya da ke cikin murfi ko jikin wasu sassa?

Agogon ƙira ke nan. An jera 1 zuwa 12 a gefensa, kibiya tana nuna wata, alƙaluma biyun da ke tsakiya kuma shekara ce. Kibiya a kan 7, da 0 da 8 a ɓangarorinta, Yulin 2008 ke nan. Sau da yawa sai ka goge da tsumma da ɗan fetur, ka haska tocila ta gefe, kafin ya fito.

Amma a nan mutane ke ruɗewa. Wannan watan da aka zuba wannan sashen ne kawai, kuma yakan yi watanni a ajiye kafin a haɗa injin. Amfaninsa yana wurin kwatantawa. Idan sassa uku sun nuna 2008, na huɗu ya nuna 1996, to an yi wa injin haɗe-haɗe, kuma kana da hujjar neman ragi.

Lambar kayan gyara fa, me take faɗa?

Ɗauki 63V-44352-01. Ukun farko samfurin da aka fara ƙera kayan dominsa, biyar ɗin tsakiya irin kayan, a nan robar famfon ruwa, na ƙarshe kuma gyaran fuskar da kamfani ya yi masa. Shi ya sa za ka iya ganin kaya mai lambar wani samfuri ya zauna daram a naka. A ganina robar nan ce ta fi cancantar a saye ta da lamba, ba da ido ba, domin idan ta gaza injin zai yi zafi a tsakiyar kogi da mutane a ciki.

Farfela da fulogi?

A farfela za ka ga 11 1/8 x 13-G. Ta farko faɗinta ne a inci, 13 nisan da za ta tura a juyi ɗaya, shi ma a inci, G kuma rukunin injinan da take shiga. Jirgin da ke ɗaukar buhuna da fasinjoji ya fi son ƙaramar lamba ta biyu, don injin ya samu ya ja ba tare da wahala ba. Fulogin NGK mai B8HS-10 kuwa, 8 ɗin ma'aunin zafi ne, lamba na hawa fulogi na ƙara jure zafi, 10 kuma tazarar bakinsa ce, milimita ɗaya.

Lamba za ta iya tona asirin jabu?

Ba ita kaɗai ba, don masu jabu suna kwafe ta har da kwali. Makaniki mai ido yakan ajiye tsohon kusa da sabon, ya duba kaifin rubutu, ya auna nauyi a tafin hannu, ya lanƙwasa robar ya ga ko za ta koma yadda take.