Mayar da tsohuwar kwamfuta rumbun bidiyon gida: tambayoyi da amsoshi

A gidajenmu na Nima da Mamobi da Sabon Zango a Accra, bidiyon biki guda sai ka same shi a wayoyi goma, kowace tana kukan ta cika. An tura ta WhatsApp, an ci data, hoton ya dusashe, ranar da wayar amarya ta faɗa ruwa kuma a rasa na asali. Alhali ga tsohuwar kwamfuta can ƙarƙashin gado tana shan ƙura. Ga abin da mutane suka fi tambaya game da sa ta aiki.

Malam, wai me kwamfutar za ta riƙa yi ne?

Za ta zauna wuri ɗaya a kunne, a haɗe da rautar gida, wato na'urar da ke ba da Wi-Fi. A cikinta za a tara bidiyon biki da suna, tafsirin azumi, karatun Alƙur'ani, hotuna, da darussan yara. Duk wanda ke kan Wi-Fi na gidan sai ya buɗe wayarsa ko talabijin ya kalli abin da yake so kai tsaye daga cikinta, ba sai ya sauke a wayarsa ba.

To ai data za ta ƙare mana.

Ba za ta taɓa data ba. Bidiyon daga kwamfuta yake tashi, ya bi ta rauta, ya sauka a wayarka, bai fita ƙofar gida ba. Ko bandir ɗin ya ƙare, muddin rautar na kunne, kallo na nan. Data sai lokacin sauke manhaja da sabunta ta.

Tawa ta tsufa sosai. Za ta iya?

Galibi za ta iya, domin miƙa fayil ba aiki ne mai nauyi ba. Mai Core i3 ko i5 da RAM gigabait 4 ta wadatar. Inda take jigata shi ne in wayar mai kallo ba ta gane nau'in bidiyon ba, sai kwamfutar ta riƙa juya shi zuwa wani nau'i yana tafe ana kallo. Nan ne fanka ke ihu, hoto na tsayawa. Maganinsa a ajiye bidiyo a MP4 mai H.264, wanda kusan kowace waya ke karantawa. Ka faɗa wa mai ɗaukar bidiyon biki haka tun kafin ya kawo filash.

Ta tebur ko laftof?

A Accra, laftof, ko da allonta ya fashe. Dalilai biyu ne, duka na wuta.

Na farko mita. Ɗauki tsohuwar ta tebur mai jan wat 60: awa 24 sau kwana 30, yunit 43 ke nan da 'yan kai a wata. Laftof mai jan wat 15 ba ta kai yunit 11 ba. A gidan haya inda ɗakuna shida ke kan mita ɗaya, ana lissafin kuɗin wuta da yawan ƙwan fitila da fanka da firiji, wannan bambancin ya isa ya haɗa ka faɗa da mai gida. Ka sanar da maƙwabta kafin ka jona, kada su ji a bakin yara.

Na biyu ɗaukewar wuta. Wanda ya ga dumsor, yawan ɗauke wutar nan ta 2015, ba sai an yi masa bayani ba. Ta tebur tana mutuwa nan take, faifan ajiya kuwa ba ya son a katse shi yana tsakiyar rubutu. Laftof mai sauran batiri tana ci gaba abinta. Sai dai a riƙa duba batirin: in ya kumbura har yana ɗaga madannai, a cire shi ranar, kada a ce gobe. A kuma shiga saiti a hana ta yin barci in an rufe murfi, in ba haka ba kana rufewa kallon kowa ya tsaya.

Wace manhaja zan saka?

Jellyfin. Kyauta ce, an fara ta a 2018, kuma ba ta neman ka yi rajista da wani kamfani kafin ka shiga kayanka. Akwai Plex, tana da kyau, amma tana son asusu a intanet, wasu abubuwanta kuma na kuɗi ne. Bayan ka saka Jellyfin, ka nuna mata jakunkunan bidiyo, sai ka rubuta adireshin kwamfutar a burauzar waya, misali 192.168.1.20:8096. Akwai manhajarta a Play Store ma.

Wani abu da ke wahalar da mutane: an ɗauke wuta an dawo, rauta ta ba kwamfutar sabon adireshi, kowa ya ce abu ya lalace. Bai lalace ba. Shiga saitin rauta ka keɓe mata adireshi ɗaya na dindindin.

Wanda bai son ado, ya buɗe jaka ɗaya ga 'yan gida kawai, su shiga da manhajar kallon bidiyo ta VLC. Wannan ma ya yi.

Sai na goge Windows?

Ba dole ba, Jellyfin na aiki a kai. Amma Microsoft ta daina tallafin Windows 10 na gama-gari ranar 14 ga Oktoba 2025, yawancin tsofaffin kwamfutoci kuma ba sa ɗaukar Windows 11. In akwai yaro a gida mai hannu a harkar, ya saka Ubuntu ko Debian a madadin Windows. Sun fi sauƙi a kan tsohon inji.

Ɗakin Hajiya na can ƙarshen gida, Wi-Fi ba ya kaiwa sosai.

Bangon bulo da kwanon rufi suna cinye sigina. Abu na farko, kwamfutar kanta a haɗa ta da rauta da kebul, kada ita ma ta hau Wi-Fi su yi ta rububi da wayoyi. Rautar a ɗaga ta sama a tsakiyar gida. In har yanzu ɗakin Hajiya shiru, a ja kebul zuwa can a sa rauta ta biyu. Kebul ɗin na kai mita 100 lafiya. Ƙaramar MiFi ta aljihu ba ta dace da wannan aikin ba, yawancinsu ba su da ramin kebul.

Zan iya goge bidiyon da ke wayoyi tunda duk suna can?

Dakata tukuna. Faifan da ya shekara goma yana juyi zai iya tsayawa kowace rana ba sallama. Fim in ya ɓata a nemo wani, amma bidiyon sunan yaro da muryar kakan da ya rasu ba a sayar da su a ko'ina. Irin waɗannan a kwafe su a faifai na biyu, a cire shi, a ajiye a wani ɗaki, ko ma gidan 'yar uwa a Madina. In za ka sayi faifai na hannu a kasuwar Circle, ka sa a buɗe maka CrystalDiskInfo, manhajar duba lafiyar faifai, a gabanka ka ga awa nawa ya yi aiki da kuma ko ya fara nuna rawaya, alamar gargaɗi. Lokacin hunturu kuma a riƙa hure ƙura daga fanka, kada a ɗora laftof kan katifa.

Kowa zai ga komai ke nan? Akwai bidiyon kamu da mata ba su yafa mayafi ba.

Wannan ita ce tambayar da ya kamata a fara da ita. A Jellyfin kowa na da sunansa da kalmar sirrinsa, kuma mai kula ne ke zaɓar jakar da kowane suna zai gani. A ware jakar mata daban, ta yara daban, ta kowa da kowa daban. A cire wa kowa ikon gogewa, a kashe ikon saukewa ga duk sunan da ke ganin jakunkunan iyali. Duk da haka, wanda aka ba damar kallo zai iya naɗar allon wayarsa, babu saitin da zai hana. Saboda haka a tambayi matan da ke cikin bidiyon kafin a ɗora shi, wanda suka ce a'a ya tsaya a faifan da ke cikin akwati.

Kada kuma a buɗe ƙofar rauta don ɗan uwa na Jamus ko Amurka ya riƙa kallo daga can, sai in akwai wanda ya san yadda ake tsare ta. Kallon nasa ma datar gidan zai riƙa ci.