Waiwaye: Yaran Zamanin Mao a Cikin Littattafan Matasa

Da Mao Zedong, jagoran ƙasar Sin, ya ƙaddamar da Juyin Juya Halin Al'adu a watan Mayun 1966, 'yan makaranta ya sa a gaba. Ɗaliban wata sakandare da ke ƙarƙashin Jami'ar Tsinghua a Beijing ne suka fara kiran kansu Jajayen Dakaru, kafin ka ce kwabo abin ya game ƙasar Sin. Aka dakatar da karatu, aka ce wa yara su rushe "tsofaffin abubuwa huɗu", wato tsohon tunani, tsohuwar al'ada, tsofaffin ɗabi'u da tsofaffin halaye. Suka shiga gidajen mutane suna ƙona littattafai, suna farfasa kayan gado, suna gurfanar da malamansu a bainar jama'a da alluna rataye a wuya. Ranar 5 ga Agustan shekarar, ɗalibai mata a wata makarantar Beijing suka yi wa mataimakiyar shugabar makarantarsu, Bian Zhongyun, dukan da ya zama ajalinta. Da rikicin ya fi ƙarfin kowa, a Disambar 1968 Mao ya ce matasan birni su tafi ƙauye su koyi rayuwa wajen manoma. Kusan miliyan 17 aka tura. Ba a maido da jarrabawar shiga jami'a ba sai ƙarshen 1977, shekara guda bayan mutuwarsa.

Tun da yara aka yi wannan aiki da su, kuma a kansu ya ƙare, ba mamaki marubutan littattafan matasa suka yi ta komawa kansa. Sai dai yaron da ke cikin labarin ya sha sauya kama, gwargwadon wanda ya riƙe alƙalami da kuma ƙasar da aka buga littafin.

Kafin a kai ga wannan zamani ma, hargitsin ƙasar Sin ya riga ya shiga adabin yara na Turawa. A 1933 Elizabeth Foreman Lewis, wata Ba'amurkiya da ta yi aikin mishan a can, ta ci lambar Newbery, ta adabin yara a Amurka, da labarin wani yaron ƙauye mai koyon ƙirar tagulla a Chungking, lokacin da madugan yaƙi ke raba ƙasar a tsakaninsu. Idon baƙo ne, komai tausayinsa. A cikin gida kuwa, bayan 1949, gwamnatin gurguzu ta so yaro jarumi. Wanda ya fi shahara shi ne Pan Dongzi, na labarin Tauraro Ja Mai Ƙyalli, littafin da aka mayar fim a 1974: mahaifinsa ya bi Jar Runduna ta 'yan gurguzu, mutanen wani azzalumin mai gonaki suka yi sanadin mutuwar mahaifiyarsa, shi kuma ya ɗauki fansa da hannunsa. Da irin wannan labari aka yi renon yaran zamanin, yaro wanda ba ya shakka, wanda jam'iyya ta zame masa uwa da uba.

Mao na mutuwa aka fara jin wata murya. A Nuwambar 1977 Liu Xinwu, wanda ya taɓa zama malamin makaranta, ya buga gajeren labari kan wani malamin aji da ɗalibansa biyu. Ɗaya ɗan iskan gari ne da 'yan sanda suka taɓa kamawa, ɗayar kuma shugabar matasan jam'iyya ce a ajin, mai ladabi da biyayya. Aka sami wani littafin Turai a kayan yaron, ita kuma ba tare da ta karanta ba ta yanke hukuncin cewa littafin batsa ne. Abin da ya tayar wa malamin hankali ke nan: ta kirkin ma an lalata ta, don ba ta iya auna komai sai da ma'aunin da aka miƙa mata. A Agustan 1978 sai jaridar Wenhui ta Shanghai ta buga labarin Lu Xinhua, ɗalibin shekarar farko a Jami'ar Fudan, mai suna Tabo. Yarinya ce ta yanke hulɗa da mahaifiyarta saboda an kira uwar maciya amana, ta tafi ƙauye, ta riƙa mayar da wasiƙu da saƙonnin da uwar ke aiko mata. Bayan shekara tara aka wanke uwar daga zargi, ta kamo hanya, ta iso asibiti ta tarar rai ya yi halinsa. Daga sunan labarin nan aka sami "adabin tabo".

An bar wannan ƙofa a buɗe ne iyakar yadda ta yi wa Deng Xiaoping, wanda ragamar ƙasar ta koma hannunsa bayan Mao, amfani. A Yunin 1981 jam'iyya ta zartar da ƙudurin da ya amince cewa shekarun goman nan su ne koma baya mafi muni tun 1949, ta ɗora wa Mao kuskure, ta ɗora wa Lin Biao, tsohon na hannun daman Mao, da gungun mutum huɗu na Jiang Qing, matar Mao, laifi, sannan ta nuna an rufe babin. Dattijon marubuci Ba Jin ya nemi a gina gidan tarihin wannan zamani a 1986, gwamnati ba ta gina ba.

Daga nan labarin ya yi ƙaura. Waɗanda suka yi ƙuruciya a lokacin suka girma, wasu suka fita waje, suka rubuta da Turanci ko Faransanci. A 1997 Ji-li Jiang ta fitar da Red Scarf Girl, wanda ya zama littafin da makarantun Amurka da dama ke koyar da wannan tarihi da shi. Tarihin rayuwarta ne, amma tsarinsa na ƙagaggen labari ne. Tana da shekara 12 a Shanghai, ta yi imani da Mao har zuci, sai ta gano kakanta mai gonaki ne, don haka gidansu "baƙin gida" ne, wato na maƙiyan juyin. Aka tsare mahaifinta, aka sa kakarta sharar lungu, aka matsa mata ta ba da shaida a kan uban. Akwai wurin da ta je ofishin 'yan sanda za ta sauya sunan gidansu, da aka tambaye ta ko ta shirya rabuwa da iyayenta sai ta gudu. Shekara goma bayan haka Ying Chang Compestine ta kawo labarin Ling, 'yar likitoci a Wuhan, wadda aka cusa wa gidansu wani jami'in siyasa ya tare a ɗaki guda. Dai Sijie kuma, daga Faransa a shekarar 2000, ya ba da labarin samari biyu da aka tura tsaunukan Sichuan, suka saci akwatin littattafan Turai da aka haramta.

Littattafai ne masu kyau, amma idan ka jera su za ka ga kusan gida ɗaya suka fito. Mai ba da labarin ɗan birni ne, iyayensa masu ilimi, akwai fiyano ko littattafan waje ko rediyon da ake saurare a ɓoye, kuma sau da yawa hanyar tsira tana fuskantar Yamma. Manomi ba ya wuce ɗan rakiya. Ba laifin marubutan ba ne kacokan, 'ya'yan irin waɗannan gidaje ne suka sami fita waje, kuma irin labarin da kamfanonin ɗab'i na New York da Paris ke nema ke nan. Amma ɗan sakandaren da bai karanta komai ba sai su zai ɗauka cewa rikicin tsakanin wayayyu da jahilai ne, alhali Jajayen Dakarun farko 'ya'yan manyan jami'ai ne a makarantun da suka fi kowanne kyau a Beijing.

A cikin gida abin ya bi ta wata hanya. Cao Wenxuan, wanda a 2016 ya zama marubucin Sin na farko da ya ci lambar Hans Christian Andersen ta adabin yara na duniya, ya kafa labarinsa na 2005, Tagulla da Furen Rana, a daidai wannan zamani. Yarinyar birni ta bi mahaifinta sansanin da ake tura ma'aikata noma, uban ya nitse a ruwa, gidan da ya fi kowa talauci a ƙauyen ya ɗauke ta. Akwai fara, akwai yunwa, akwai takalman ciyawa da ake saƙawa a kai kasuwa, amma da wuya ka ji wanda ya turo mutanen nan ko dalili. Ƙauyen ya sami haƙƙinsa a nan, siyasar ce ta ɓace.

Wanda ya yi ƙaranci a ɓangarorin biyu shi ne yaron da ya riƙe bel ɗin dukan, yana ba da labari da bakinsa. Irin wannan magana ta fi fitowa a jaridu. A 2013 wani lauya, Zhang Hongbing, ya bayyana wa duniya cewa a 1970, yana ɗan shekara 16, shi da mahaifinsa suka kai ƙarar mahaifiyarsa don ta soki Mao a cikin gida, kuma aka harbe ta. A Janairun 2014 Song Binbin, 'yar wani babban janar wadda ta ɗaura wa Mao jan ƙyallen dakarun a dandalin Tiananmen, ta koma tsohuwar makarantarsu ta nemi gafara kan rashin kare Bian Zhongyun. Mijin marigayiyar, Wang Jingyao, ya ce bai karɓa ba, tun da har lokacin ba a faɗi waɗanda suka kashe ta ba.