Shiru-shiru ba shi ne ma'aunin imani ba

An daɗe ana ɗaukar cewa mai addini na gaske shi ne mai shiru-shiru, mai saurin zubar da hawaye wurin wa'azi. Mai surutu da fara'a, ko mai yawan neman dalili, sai a riƙa yi masa kallon mai busasshiyar zuciya. Kuskure ne, kuma yana sa wasu zargin kansu a banza.

Hali daban, imani daban. Sayyidina Abubakar mai taushin zuciya ne, kuka kan rinjaye shi idan yana karatun Alƙur'ani. Sayyidina Umar kuwa an san shi da zafi. Bayan yaƙin Badar a shekarar 624, Abubakar ya ba da shawarar a karɓi fansar fursunoni, Umar ya ce a kashe su. Su biyun ne dai suka zama halifa na farko da na biyu.