MicroRNA da Sankarar Jini

MicroRNA, ko miRNA a taƙaice, ɗan guntun zaren RNA ne (sinadarin da ke ɗaukar saƙon gado a cikin ƙwayar halitta) da tsawonsa bai wuce nukiliyotaid 22, wato tubalan da ke gina zaren, ko kusa da haka ba. Ba a haɗa furotin daga gare shi. Aikinsa shi ne ya manne wa saƙon RNA mai ɗauke da umarnin haɗa wani furotin, ya toshe umarnin ko ya sa a lalata saƙon. Victor Ambros da Gary Ruvkun ne suka gano shi a 1993 a jikin wata 'yar tsutsa mai suna C. elegans, aikin da ya sa aka ba su kyautar Nobel a 2024.

A sankarar jini aka fara ganin hannunsa a ciwon daji. An daɗe da sanin cewa wani yanki na kromosom (dunƙulen bayanan gado a cikin ƙwayar halitta) na 13 yakan ɓace a jikin masu CLL, wato sankarar fararen ƙwayoyin jini mai tafiyar hawainiya, wadda ta fi kama dattawa. Masu bincike sun yi ta laluben furotin da ke salwanta tare da yankin, ba su samu ba. A 2002 George Calin da Carlo Croce suka nuna cewa miRNA biyu, miR-15a da miR-16-1, ne ke zaune a wurin. Su ne birkin BCL2, furotin da ke hana ƙwayar halitta mutuwa. Idan birkin ya tafi, BCL2 ya yi yawa, sai ƙwayoyin da wa'adinsu ya cika su ƙi mutuwa, su taru a jini da ɓargo.

Wasu miRNA kuwa wutar suke rurawa, kamar miR-155 da ke yawaita a limfoma iri-iri, wato sankarar ƙwayoyin garkuwar jiki.

A fannin magani hanya biyu ce: a mayar da miRNA ɗin da ya ɓace, ko a toshe wanda ya yi yawa. Duka biyun da wuya. An dakatar da gwajin MRX34, kwaikwayon miR-34a, a 2016 bayan garkuwar jikin wasu majinyata ta yi mummunan bore, har aka rasa rayuka. Cobomarsen, mai toshe miR-155, shi ma bai kai kasuwa ba. MiRNA guda yakan taɓa ɗaruruwan saƙonni, ga kuma wahalar kai maganin cikin ƙwayoyin da ake nufi kaɗai.

Ribar da ta fi fitowa fili ta wata hanya dabam ta shigo. Maganin venetoclax, wanda hukumar kula da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da shi a 2016 don wasu masu CLL, BCL2 ɗin yake toshewa kai tsaye, aikin da miR-15a da miR-16-1 suka bari.