Bututun hayaƙi na tarayya a tagwayen gidaje

Bututun hayaƙi na tarayya gini ne na jan bulo da ke tashi daga murhun ɗumama ɗaki ya fito ta saman rufi, wanda gidaje biyu masu manne da juna suke amfani da shi tare. An fi saninsa a Birtaniya, inda tagwayen gidaje suka kai kusan kashi ɗaya cikin uku na gidajen Ingila da Wales. Daga waje gini ɗaya ake gani zaune a kan katangar da ta raba gidajen, amma a cikinsa akwai hanyoyin hayaƙi daban-daban, kowane murhu da tasa, siririyar katanga mai kaurin rabin bulo ce ke tsakaninsu. Shi ya sa lalacewar ɓangare ɗaya ba ta tsayawa a gida ɗaya.

Tarihi

Ka'idar katangar tarayya a Landan ta girmi tagwayen gidaje da ɗaruruwan shekaru. Wata tsohuwar dokar gini da ake dangantawa da magajin garin Landan na farko, Henry Fitz-Ailwin, ta tanadi cewa maƙwabta su haɗu su gina katangar dutse mai kaurin ƙafa 3 da tsayin ƙafa 16 a tsakaninsu. An saba cewa a 1189 aka yi ta, ko da yake masana tarihi ba su haɗu a kan wannan shekara ba. Bayan babbar gobarar 1666, dokar sake gina birnin ta 1667 ta wajabta gini da bulo ko dutse maimakon katako. A daidai wannan zamani, daga 1662 zuwa 1689, gwamnati na karɓar harajin sule 2 a shekara a kan kowane murhu, har wasu suka riƙa toshe murhunsu don kauce wa biya.

Tagwayen gidaje sun fara bayyana a tsarin unguwannin Landan wajen ƙarshen ƙarni na 18, amma tsakanin yaƙin duniya na ɗaya da na biyu ne suka mamaye bayan gari. Magina sun ga hikimar ɗora murhunan gidajen biyu baya da baya a jikin katangar tsakiya: bulo ya ragu, zafi bai fita waje ba, rufi kuma wuri ɗaya aka huda. Kwal ake ƙonawa a lokacin. Hazon hayaƙin da ya lulluɓe Landan a Disamban 1952, ya kashe dubban mutane, shi ya kai ga dokar tsabtace iska ta 1956, daga nan kuma gas da lantarki suka maye gurbin kwal sannu a hankali. Bututan da yawa sun daina aiki, suka zauna cikin ruwa da sanyi ba mai waiwayarsu, kuma da yawa daga cikin gyaran da ake yi yau daga nan ya samo asali.

Yadda yake lalacewa

Gidajen da aka gina kafin tsakiyar shekarun 1960 galibi ba su da bututu na biyu a ciki, shafe kawai aka yi wa bulon. Hayaƙin kwal na ɗauke da sinadarin farar wuta. Idan ya haɗu da danshi sai ya ci kwaɓin da ke tsakanin bulo, kwaɓin ya kumbura. Gefen da ruwan sama ya fi duka shi ya fi kumbura, sai a ga bututun ya karkata. Ƙanƙarar hunturu kuma na fasa fuskar bulon da ya sha ruwa.

A can sama, simintin da ya riƙe tukwanen yumɓu na bakin bututun yakan tsage. A ƙasa, inda bututun ya haɗu da rufi, fallen darma da aka naɗe shi da shi yakan ɗage, ruwa ya bi ya sauka, a ga tabo ruwan ƙasa a silin ɗakin kwana. Sau da yawa tabon a gidan maƙwabci yake fitowa.

Mafi haɗari shi ne abin da ido ba ya gani. Idan siririyar katangar ciki ta zube, hayaƙin gida ɗaya na iya ratsawa zuwa ɗakin ɗayan, har da iskar kabon monoksayid marar launi da wari, wadda ke kisa. Masu sharar bututu kan gwada da hayaƙi mai kauri: a kunna a murhu, a toshe sama, a duba ko zai ɓullo a wani wuri.

Gyara

Ƙaramin gyara shi ne a kankare tsohon kwaɓi a cusa sabo, a sake simintin sama, a sauya darma. A tsofaffin gidaje ana son kwaɓi mai laushi irin na asali, domin siminti zalla ya fi bulon ƙarfi, yana kuma riƙe danshi. Bututun da ya karkata sosai rushe shi ake yi har zuwa rufi a sake ginawa. Wanda aka daina amfani da shi ana sa masa murfi, amma a bar ƙofar iska sama da ƙasa. Kafa ƙarafan hawa kan ci kaso mai tsoka na kuɗin aikin, abin da ya sa gyaran rabin bututu bai cika zama dabara ba.

Rushe ƙirjin murhu, wato ɓangaren ginin bututun da ya turo daga katanga, daga cikin ɗaki don ƙara fili na buƙatar amincewar masu duba gini, kuma dole a tallafe abin da ya rage a sama da ƙarfe.

Doka

A Ingila da Wales, dokar katangar tarayya mai suna Party Wall etc. Act ta 1996, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Yuli, 1997, ta faɗaɗa tsarin da a da Landan ta tsakiya kaɗai ke bi. Mai son rushewa, sake gini ko sara cikin ginin tarayya zai bai wa maƙwabcinsa sanarwa a rubuce wata 2 kafin fara aiki. Maƙwabcin na da kwana 14 ya amsa. Shiru ana ɗaukarsa a matsayin saɓani. Daga nan sai su naɗa safiyo ɗaya tare, wato ƙwararre mai tantance gini, ko kowa ya naɗa nasa, a fitar da takardar hukunci mai bayyana aikin, lokacinsa da wanda zai biya. Ana iya ɗaukaka ƙara zuwa kotun yanki cikin kwana 14.

Idan lalacewa ce ta tilasta aikin, ana raba kuɗi gwargwadon amfanin da kowa ke yi da ginin da kuma wanda ya jawo lalacewar. Wanda ya yi aiki don son ransa shi ke biya. Ana yawan jayayya kan ko wanda ya toshe murhunsa tuntuni zai biya rabi. Safiyo ke yanke wannan, gida-gida.

Dokar ba ta shafi Sukotland da Ireland ta Arewa ba.